Darasi: Tatsar Sinadarai da Iskar Kabon Dayoksaid a Masana'antu

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. faɗin abin da ake nufi da tatsar sinadari, ya kuma kawo misalinta daga aikin gida;
2. bayyana yadda iskar kabon dayoksaid ke shiga wani hali wanda ba iska ba ne, ba kuma ruwa ba;
3. bin matakan da ake cire kafeyin daga 'ya'yan kofi;
4. yin ɗan lissafi a kan matsi da yawan abin da aka tatsa;
5. faɗin dalilin da ya sa ba kowane kaya ake tatsa ta wannan hanya ba.

1. Mece ce tatsa?

Duk wanda ya taɓa dafa shayi ya san aikin da za mu yi magana a kai. An zuba ganye cikin tafasasshen ruwa, launi da ɗanɗano sun fito sun bi ruwan, an tace, an zubar da sauran ganyen. Haka mai jiƙa zoɓo ko tsamiya take yi. Ruwan ne ke shiga cikin kayan ya ɗauko abin da ake so, ya bar abin da ba a so.

> Akwatin ma'ana
> Tatsa: fitar da wani sinadari daga cikin ganye, ƙwaya, saiwa ko wani kaya, a bar sauran.
> Mai narkarwa: abin da ake sa wa kayan domin sinadarin ya narke a cikinsa ya biyo shi waje.

Sai dai ba kome ruwa ke narkarwa ba. Sukari da gishiri da kanwa suna narkewa a cikinsa, maiƙo kuwa sai dai ya taso sama. Shi ya sa bakaniken da baƙin mai ya ɓata wa hannu yake neman fetur ko kalanzir, ba ruwa zalla ba. Maiƙo a cikin danginsa yake narkewa.

Manyan kamfanonin man girki sun daɗe da sanin haka. Suna amfani da wani ruwa mai suna hekzen, wanda ake samu daga ɗanyen man fetur, wajen tatsar man waken soya da man angurya da ragowar man da ke cikin tunkuzar gyaɗa bayan an matse ta. Hekzen yana da araha, yana kuma aiki sosai. Matsalar tana zuwa ne bayan an gama tatsa, domin dole a raba shi da man. Sai an dafa haɗin ya kai wajen digiri 69 a ma'aunin Salshiyas kafin hekzen ya tashi ya zama tururi. Tururin yana kama wuta nan take, zafin yana korar ƙamshi, kuma sai an yi ta gwaji don a tabbatar ba a bar ɓurɓushinsa cikin abin da mutane za su ci ba. Saboda haka masana suka daɗe suna neman mai narkarwar da zai yi aikinsa ya tafi da kansa, ba sai an kore shi da wuta ba.

2. Iskar kabon dayoksaid da halayenta

Kabon dayoksaid ita ce iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi. Ita ce ke tasowa da kumfa idan an buɗe kwalbar lemo, ita ce kuma ke sa ƙullin burodi ya kumbura. Masana suna rubuta ta a taƙaice da alamar CO2, mu ma haka za mu riƙa rubutawa daga nan. Ba ta da launi, ba ta kama wuta, hasali ma da ita ake kashe gobara.

Kowane abu yana iya zama cikin ɗayan halaye uku: daskararre, mai ruwa-ruwa, ko iska. Ruwan sha yana zama ƙanƙara, yana zama tururi. Abubuwa biyu ne ke sa a tashi daga wannan hali zuwa wancan: zafi da matsi. Zafi kowa ya san shi. Matsi ne ke buƙatar bayani.

> Akwatin ma'ana
> Matsi: ƙarfin da iska ko ruwa ke tura bangon abin da aka rufe shi a ciki. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira bar. Iskar da ke kewaye da mu tana danna mu da kimanin bar 1. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar bar 2 da ɗan wani abu.

Idan aka sanyaya CO2 har ƙasa da sifili da digiri 78, takan daskare ta zama farar ƙanƙara wadda ba ta jiƙa hannu, wadda ake adana magunguna da ita a tafiya mai nisa. Idan kuma aka matse ta cikin tukunyar ƙarfe a ɗaki mai zafin digiri 20, da matsi ya kai wajen bar 57 sai ta zama ruwa. Wanda zai iya leƙa cikin tukunyar zai ga ruwa a ƙasa, iska a sama, da layi tsakaninsu.

3. Maƙura

Nan ne zuciyar darasin, don haka mu tafi a hankali.

A ce an ɗauki wannan tukunya a rufe, ana ƙara mata zafi kaɗan-kaɗan. Ruwan da ke ƙasa zai riƙa buɗewa yana rage nauyi. Iskar da ke sama kuwa ba ta da hanyar fita, ga shi wani ruwan yana ƙafewa yana ƙaruwa a kanta, sai ta riƙa cunkushewa tana ƙara nauyi. Wannan yana raguwa, waccan tana ƙaruwa, har su zo daidai. A wannan lokacin layin da ya raba su zai dusashe ya ɓace. Abu ɗaya ne ya cika tukunyar daga ƙasa har sama. Ga CO2, wannan yana faruwa ne a digiri 31.1 da matsin bar 73.8.

> Akwatin ma'ana
> Maƙura: zafi da matsin da bambanci tsakanin ruwa da iska ke ƙarewa a kansu.
> Halin wuce-maƙura: halin da abu ke shiga idan zafinsa da matsinsa, duka biyun, sun haura maƙura. A nan komai yawan matsin da aka ƙara, ba zai koma ruwa mai layi a samansa ba.

Wani Bafaranshe mai suna Cagniard de la Tour ne ya fara lura da wannan a 1822, kuma da kunne ya gano shi. Ya zuba ruwan sinadari cikin bututun ƙarfe, ya jefa ɗan dutse ciki, ya toshe, yana ɗumamawa yana mirginawa. Da zafi ya kai wani mataki sai ya daina jin ƙarar fantsamar ruwa, alhali ba abin da ya fita. A 1869 Thomas Andrews, malami a birnin Belfast, ya bayyana sakamakon awon da ya yi wa CO2, ya nuna maƙurarta tana wajen digiri 31. Shekara goma bayan haka wasu masana biyu a Birtaniya, Hannay da Hogarth, suka nuna abin da ya fi amfani gare mu: abu mai wuce-maƙura yana narkar da daskararren sinadari, kuma da an sassauta matsi sai sinadarin ya zubo ƙasa kamar gari.

To me ya sa wannan hali yake da daraja? Saboda ya haɗa amfanin iska da na ruwa. Yana ratsa ƙananan ƙofofin ƙwaya da sauri irin na iska, yana kuma da nauyin da zai narkar da maiƙo irin na ruwa. Ku dubi nauyin lita ɗaya ta CO2. A sarari, ba ta kai giram 2 cikakku ba a ranar zafi. A digiri 40 da bar 100 ta haura giram 600. A digiri 40 da bar 300 ta kai kimanin giram 900, ta kusa kamo ruwan sha mai giram 1,000. Gwargwadon nauyinta, gwargwadon abin da take iya narkarwa. Ke nan mai kula da inji yana iya ƙara mata ƙarfi ko ya rage ta hanyar juya matsi kawai. Wannan shi ne abin da hekzen ba ya iya yi.

Ruwan sha ma yana da maƙura, amma sai an kai digiri 374 da bar 221, zafin da zai ƙone kowane irin abinci. Ta CO2 ba ta kai ma zafin jikin mutum ba.

Misali na 1: Wane hali take ciki?

(a) Digiri 25, bar 100. Matsi ya wuce 73.8, amma zafi bai kai 31.1 ba. Ruwa ce.
(b) Digiri 40, bar 50. Zafi ya wuce, matsi bai kai ba. Iska ce.
(c) Digiri 40, bar 200. Duka biyun sun wuce. Tana halin wuce-maƙura.

Ga wani abin lura. Tukunyar kashe gobara mai CO2 da ke rataye a gidan mai ko a banki, in cikakkiya ce, da bazara ta yi zafi a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai har ma'auni ya haura digiri 40, matsin cikinta yakan wuce bar 74 nesa. Wato abin da ke cikinta ya wuce maƙura ba tare da kowa ya sani ba. Wannan ma dalili ne na kada a bar ta a rana.

Misali na 2: Nawa ne bar 74?

Idan taya tana da bar 2, sai a raba 74 da 2, a sami 37. Maƙurar CO2 ta ninka matsin taya sau 37. Injin da ke aiki a bar 300 ya ninka shi sau 150.

4. Yadda injin yake aiki

Injin yana da sassa huɗu manya: tankin ajiyar CO2, famfon matsi, tukunyar tatsa, da tukunyar rabawa. Bututu ya haɗa su a zagaye.

Ana cika tukunyar tatsa da kayan, yawanci busassu kuma niƙaƙƙu, a rufe ta gam. Famfo ya zuƙo CO2 mai ruwa-ruwa daga tanki ya matsa ta, a ɗumama ta ta wuce maƙura, sai ta ratsa kayan ta kwaso maiƙo da ƙamshi. Daga nan ta bi ta wata 'yar ƙofa mai sassauta matsi zuwa tukunyar rabawa. Da matsi ya faɗi, CO2 ta koma iska mara nauyi, ba ta iya riƙe abin da ta ɗauko, sai ya zube a gindin tukunya. Ita kuwa a sanyaya ta, ta sake zama ruwa, ta koma tanki don wani zagayen.

Ku lura da matakin rabawar. Ba a tafasa kome ba, ba a tace kome ba. Matsi kawai aka sauke, mai narkarwar ya kama gabansa. Ɗan abin da ya maƙale cikin kayan ma yakan fice da an buɗe tukunya, kuma ba wata baƙuwar iska ba ce ga jikin mutum.

Akwai ƙaramar matsala a wannan ƙofa: idan CO2 ta buɗe farat ɗaya takan yi sanyi ƙwarai, har ta iya daskarewa ta toshe bututu. Don haka ake ɗumama wurin.

CO2 ta fi ƙarfi a kan maiƙo da man ƙamshi da kakin tsirrai. Sukari da gishiri ba ta taɓa su. Idan sinadarin da ake nema yana tsaka-tsaki, akan haɗa ta da ɗan ruwa ko ɗan etanol (sinadarin da ke cikin barasa) domin ta iya ɗaukarsa.

5. Kofin da aka cire wa kafeyin

Aikin da ya fara kai wannan fasaha kasuwa shi ne na kofi.

> Akwatin ma'ana
> Kafeyin: sinadarin da ke cikin kofi da ganyen shayi da goro, wanda ke wartsake jiki ya hana barci.

Akwai masu son ɗanɗanon kofi amma kafeyin yana sa musu bugun zuciya ko rashin barci. Tun 1906 wani ɗan kasuwa a birnin Bremen na Jamus, Ludwig Roselius, ya kafa kamfanin Kaffee HAG yana sayar da kofin da aka cire wa kafeyin. A farko da sinadarin benzin ake cirewa, wanda daga baya aka tabbatar yana haddasa sankarar jini, aka daina. A shekarun 1960 Kurt Zosel, masani a cibiyar bincike ta Max Planck da ke Mülheim a Jamus, ya gano cewa CO2 mai wuce-maƙura tana ɗauke kafeyin ta bar yawancin abubuwan da ke ba kofi ɗanɗano. Kafin ƙarshen shekarun 1970 an gina masana'antar farko mai wannan aiki a Bremen. Tsakanin gwajin Hannay da Hogarth da wannan masana'anta, kusan shekara ɗari ce. Ilimin yana nan tuntuni. Ƙarfe da famfon da za su jure matsin a babban aiki, da kuma kayan da zai biya kuɗinsu, su ne suka yi jinkiri.

Ɗanyun 'ya'yan kofi ake sa wa, tun ba a soya su ba, domin ƙamshin kofi a wajen suya yake fitowa. Ana fara jiƙa su da ruwa ko tururi su kumbura. Wannan mataki dole ne: a busasshiyar ƙwaya kafeyin yana manne da wasu sinadarai, ruwa ne ke kwance shi har CO2 ta same shi. Sai a zuba su a tukunya, CO2 ta yi ta ratsa su na awoyi da yawa a matsin da yakan kai bar 200 ko fiye. Ita kuma CO2 da ta ɗauko kafeyin akan wanke ta da ruwa ko a bi da ita ta cikin wani irin gawayi mai zuƙewa, sannan ta koma aiki. Kafeyin ɗin da aka tara ba a zubar da shi. Kamfanonin lemo da na magungunan ciwon kai suna saye. A wasu ƙasashen Turai, kamar Jamus, doka ta ce kofin da za a sayar da sunan mara kafeyin kada abin da ya rage cikinsa ya wuce kashi 0.1 cikin 100.

Misali na 3: Lissafin kafeyin

Kofi irin na Arabika yana ɗauke da kafeyin kimanin kashi 1.2 cikin 100. An kawo kilo 1,000.
Kafeyin da ke ciki: 1,000 × 1.2 ÷ 100 = kilo 12.
A ce an cire kashi 97 cikin 100: 12 × 97 ÷ 100 = kilo 11.64.
Saura: 12 − 11.64 = kilo 0.36, wato giram 360 cikin kilo 1,000, ko kashi 0.036 cikin 100. Ya cika sharaɗin dokar.

6. Citta, barkono da sauransu

Bayan kofi, ana cire kafeyin daga ganyen shayi ta wannan hanya. Ana tatsar masoro da kanumfari da citta, ana fitar da jan launin barkono don kamfanonin abinci, ana kuma samar da mayukan da ke shiga kayan shafa da turare. Wani kamfanin ƙasar Holan mai suna DyeCoo ya juya aikin: maimakon CO2 ta fitar da abu, sai ta shigar da rini cikin yadin roba ba tare da ruwa ba.

Citta ta fi shafar mu. Nijeriya tana cikin manyan ƙasashen da ke noma ta a duniya, musamman a kudancin Kaduna, wajen Kachia da Jaba da Kagarko, kuma yawancinta a tsage a bushe ake fitar da ita waje. Sinadarin da ke ba citta yajinta ba ya son zafi, yakan sauya idan an dafa shi. Tatsa a digiri 40 ko 50 tana barinsa kusan yadda yake. Akan kuma sa tukunyar rabawa biyu: a ta farko a sauke matsi kaɗan, ƙaro mai yaji ya zube, a ta biyu a sauke sosai, man ƙamshi ya zube. Kaya biyu daga aiki ɗaya, kowanne da kasuwarsa.

Misali na 4: A ce busasshiyar citta tana ba da kashi 5 cikin 100. Daga kilo 200 za a sami 200 × 5 ÷ 100 = kilo 10. Abin da zai cika buhuna ya koma abin da jarka ɗaya za ta ɗauka.

7. Tsada da haɗari

Mai tambaya zai ce, in haka ne me ya hana a tatsi man gyaɗa da ita? Kuɗi ne. Tukunyar da za ta riƙe bar 300 sai ƙarfe mara tsatsa mai kaurin gaske. Famfo yana son wutar lantarki da ba ta yankewa. Kuma daskararren kaya ba ya bin bututu: sai an sauke matsi, an buɗe, an juye, an sake cikawa, shi ya sa ake jera tukwane biyu ko uku, wata tana aiki ana cika wata. Man girki ribarsa a kan lita ba ta da yawa, ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Fasahar ta dace ne da kaya kaɗan mai tsada. Duk wanda aka kawo wa tallar irin wannan inji, ya fara tambayar wa zai sayi abin da zai tatsa kuma nawa, kafin ya tambayi kuɗin injin.

Masu talla sukan rubuta cewa an yi kayan ba da sinadari ba. Wannan zuƙi ne, domin CO2 ma sinadari ce. Gaskiyar ita ce ba ta barin saura mai cutarwa. Ita kanta iskar yawanci daga masana'antar takin zamani da makamantansu ake samo ta, wadda da ma sama za a sake ta, sai dai wutar da injin ke ci tana da nata lissafin.

Haɗari iri biyu ne. Na farko matsi: ba a buɗe murfi sai ma'auni ya nuna sifili. Na biyu ita kanta iskar. Ta fi iskar shaƙa nauyi, takan kwanta a ƙasa da cikin rami, ba a ganinta, ba a jin warinta. A ranar 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos na arewa maso yammacin Kamaru ya saki CO2 mai ɗimbin yawa da dare, ta gangara ƙauyuka, ta kashe mutane fiye da 1,700 da dabbobi dubbai. Don haka ɗakin injin yana buƙatar hanyar fitar iska ta ƙasa da na'urar gargaɗi a kusa da daɓe.

Tambayoyin bita

1. Kawo misalin tatsa ɗaya daga gidanku wanda ba a ambata ba a darasin. Mene ne mai narkarwa a cikinsa?
2. Faɗi matsaloli biyu na amfani da hekzen.
3. A wane zafi da wane matsi CO2 ke kai maƙura?
4. Wane hali CO2 take ciki a digiri 50 da bar 60? A digiri 50 da bar 250 fa?
5. Bayyana da kalmominka dalilin da ya sa abin da aka tatsa ke zubewa idan an sauke matsi.
6. Me ya sa ake jiƙa 'ya'yan kofi kafin a sa musu CO2?
7. Kofi irin na Robusta yana da kafeyin kimanin kashi 2.2 cikin 100. Kilo nawa ne cikin kilo 500? Idan an cire kashi 97 cikin 100, giram nawa ya rage?
8. Me ya sa ake amfani da tukunyar rabawa biyu wajen tatsar citta?
9. Me ya sa ake sa na'urar gargaɗi kusa da daɓe maimakon kusa da rufi?
10. Don tattaunawa a aji: ƙungiyar manoman citta tana son sayen wannan inji. Waɗanne tambayoyi uku za ku ba su shawara su fara amsawa?